Zuwa ga Lawali, a kan wancan faifan na Sakkwato

Assalamu alaikum Lawali, ɗan'uwa rabin jiki. Ina gajiya, ina aiki, ya Kwatano ya zafin bakin teku? Da fatan kana lafiya kai da madam da yara. Mu nan Damagaram alhamdulillahi, sanyi ya fara shigowa, hazo ya rufe gari tun shekaranjiya har in ka tsaya a Birni ba ka hango duwatsu sosai. Inna na gaishe ka da kyau, 'yan fada ma duk sun ce a miƙa gaisuwa.

Na so in yi maka bokal kawai amma na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka tuna faɗan da muka yi ni da kai a kan Anar, faifan Mdou Moctar, Buzun nan mai jita, lokacin ina da teburin turi a kasuwar Dole? Wani direba ne da ya sauko daga Agadas ya kawo kart memwar ɗinsa in ƙara masa waƙoƙi, na kwafe nasa a kwamfuta kamar yadda muke yi wa kowa, ka zo da la'asar ka sa kunne, nan take ka ce in tura maka duka. Ni ko na ce wannan ba waƙa ba ce, mutum ne aka jefa cikin randa yana kiran ceto, kai kuma ka ce kunnena ne ya toshe. Wallahi kusan sati guda muna gaisawa sama-sama saboda wannan maganar.

To Lawali, gaskiya na wajenka. Shekara goma sha wani abu ta wuce kafin in gane.

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a fada nan Zengo, ƙanen Habu ya zo da ƙaramin bafil nasa yana sa mana sababbin abubuwan Mdou a YouTube, irin na Afrique Victime ɗin nan na 2021 da jita ke ihu kamar za ta tsage, yara suna ta kai kai kai. Can sai abin ya zarce da kansa ya faɗa kan tsohon. Gangar na'ura ta fara bugawa a hankali, jita na bin ta a baya, sai muryar nan ta shigo tana rawa tana karyewa. Fada ta yi tsit. Issa da ke kan shayi ya riƙe mafici a hannu ya manta da fifita, buta ta tafasa ta yi bori kan gawayi, sai ƙaurin sukari da hayaƙi ne suka farkar da shi. Ni kuwa abin da ya zo min shi ne kai, zaune kan bencina da Nokia ɗinka mai tsagaggen gilashi ɗaure da roba, ka manna ta a kunne don kar hayaniyar kasuwa ta hana ka ji.

Na dawo gida na sa abin kunne na saurare shi tun daga farko har ƙarshe, an ɗauke wuta, iyali duk sun yi barci. Sai na gane abin da ya sa na ƙi shi a da. A lokacin duk inda ka juya, shagon caji, kabu-kabu, gidan biki, waƙar fim ɗin Kano ce da fiyano da wannan siririyar murya ta ototun, na'urar gyaran murya, ni da nake tura su safe da yamma har sun gundure ni. Kuma a kaina na riga na yanke cewa kiɗan Buzaye jita ne da tafi da murya tsirara a fili ƙarƙashin taurari, in aka sa masa na'ura an ɓata shi. Ashe abin da nake ƙi shi ne ainihin daɗin faifan. Yaro ya taso daga yankin Abalak, bahago, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, ya tsallaka Sakkwato a 2008 ya shiga situdiyon Hausawa, su kuma suka yi masa aiki da kayan da suka saba yi wa 'yan fim. Harshe nasa, jita tasa, amma gangar da gyaran muryar namu ne. A gaya min, in ba a wannan yanki namu ba, ina ne a duniya waɗannan biyun za su haɗu?

Ita na'urar ma na ɗan bi diddiginta. Wani Ba'amurke ne Andy Hildebrand ya ƙirƙiro Auto-Tune, ta fito a 1997, kuma abin mamaki asalin aikinsa lissafin neman man fetur ne a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar amon sauti, duk lokacin da na bi hanyar Tanut na hango matatar SORAZ yanzu sai ya faɗo min. An yi ta ne don ta gyara murya a ɓoye, in mawaƙi ya ɗan kauce ta janyo shi kan layi ba wanda ya sani. Amma in aka murɗe saurinta har ƙarshe, ba ta barin murya ta gangara a hankali daga sama zuwa ƙasa, sai ta dinga tsalle daki-daki kamar mai sauka matakala. Mawaƙiyar Amurka Cher ce ta fara fito da wannan salon fili a 1998. To mu kuma ka san mawaƙanmu da jan murya da lanƙwasa ta, shi ya sa in ta kama muryar ɗan Sahel sai ta yi ta kakkarwa fiye da ta Bature. A Anar wannan kakkarwar ce ta kama ni, ko Buzanci ba na ji in ban da gaisuwa, amma na ji mutum mai kewa, kamar wanda ke kiran gida daga nesa rezo na yankewa yana dawowa. Kai da ka yi shekara takwas a waje ka fi ni sanin wannan muryar.

Kar ka ɗauka kowa ya sauko fa. Habu na nan kan bakansa, ya ce ha'inci ne, wai Ɗan Alalo da ya yi wa sarakunan Damagaram waƙa wace na'ura ya nema, in kana da murya kana da ita in babu ka koma gona. Na ce masa ai ba wanda ya ce Mdou ba shi da murya, ga faifansa Afelan nan na 2013 da aka ɗauka a fili a Cintabaraden ba ototun ko ɗaya, ka saurara ka ji. Mai ɓoye rauni daban, mai wasa da sauti daban. Ya ce shi dai bai yarda ba, muka bar shi.

Maganar da ta fi ci min rai ta Musa ce, malamin lise ɗin nan. Ya ce ku dai ku faɗi gaskiya, ba kunnenku ne ya canza ba, don kun ga Turawa sun buga shi a faifan garmaho a 2014 kuma mutumin na yawon Amurka da Turai ne ya sa kuka dawo kuna yabo. Na yi shiru don akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ni kaina da sunansa bai yi girma ba ƙila da ban sake waiwayar sa ba, kuma wannan abin ya dame ni kwana biyu. Amma da na yi tunani na koma na same shi na ce Malam, kafin Christopher Kirkley na kamfanin faifai Sahel Sounds ya tsinci waƙar Mdou a wayoyin mutane a arewacin Mali ya sa ta cikin tarin nan nasa na waƙoƙin salula, wa ya kai ta can? Ba kamfani, ba rediyo, ba talla. Direbobi ne da 'yan ci-rani da masu turi, bulutut zuwa bulutut, waya biyu a manne kan tabarma ana jira ta cika ɗari bisa ɗari. Talakawa sun riga sun zaɓe ta tun kafin wani ya zo daga waje, kuma kai kana cikinsu. Ni ne dai na tura ta wa mutane ba adadi a kan dala goma goma ina toshe kunnena.

Yanzu yaran fada har sun fara tono wasu, jiya ƙanen Habu ya kawo Mamman Sani mai ogan na Yamai, wanda ya yi kasetinsa tun 1978, mun sha shi har ƙarfe ɗaya na dare.

Abin da nake roƙo, in har tsohon kart ɗin nan naka na nan cikin kayanka kar ka yar. Na intanet an tsabtace shi ya yi kyau, amma ni wancan nake so in sake ji, mai shashshaka da sunayen waƙoƙi a rubuce barkatai yadda direban ya kawo. In ka same shi ka turo min ta WhatsApp, ko ka riƙe shi har ka zo babbar Sallah mu saurara tare a fada, Issa ya ce shayin ranar nasa ne. Ka gaida madam, ka shafa min kan su Nana. Sai na ji ka.

Naka har kullum,
Mutari