Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Maraɗi

Zuwa ga ɗan'uwana kuma aminina cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara da dukan masu bi na can Maraɗi. Mu ma a nan Jos muna lafiya, sai godiya ga Allah.

Bayan gaisuwa, na rubuto maka ne a kan abin da ya hana ni barci a watannin nan, domin ka san yanzu ina cikin dattawan ikilisiyarmu, kuma nauyin maganar yana wuyanmu. Tun daminar bara matasanmu suka fara addu'ar dare kowace Juma'a. Da farko ba su kai goma ba, amma yanzu sai an fito da benci waje. Ba zan ɓoye maka ba, na ga hannun Allah a ciki. Wani saurayi da yake taya mu ƙirga baiko ya miƙe a gaban jama'a yana kuka, ya furta cewa ya daɗe yana ɗiba, washegari kuma ya kawo wa Fasto kuɗin a cikin ambulan. Waɗansu mata biyu na zumuntar mata, waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna, yanzu tare suke zuwa sujada.

Rigima ta taso ne sa'ad da aka fara magana da harsuna (wato yin addu'a da harshen da mutum bai koya ba) da yin annabci. Waɗansu dattawa sun tsaya a kan cewa irin waɗannan baye-baye sun ƙare tare da manzanni, suna kafa hujja da 1 Korintiyawa sura 13, suna kuma cewa ba haka iyayenmu suka karɓi bishara ba. Matasan kuwa har sun kai ga cewa duk wanda bai yi magana da harsuna ba, bai karɓi Ruhu Mai Tsarki ba. A zaman da muka yi da su, wani dattijo da aka yi wa baftisma fiye da shekara hamsin da suka wuce ya tambaye su a hankali ko da wane ruhu ke nan ya bi Yesu a lokacin da danginsa suka kore shi daga gida. Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na wata gwauruwa. Wata yarinya ta tashi a tsakiyar addu'a ta ce Ubangiji ya nuna mata cewa tsohuwar ce take kama kurwar wani yaro marar lafiya. Tun daga ranar mutane suka daina zama kusa da ita, yara kuma suka daina karɓar gyaɗar da ta saba ba su bayan sujada. Da na je gaishe ta, na tarar da ita a kan tabarma, tsohon littafin waƙoƙinta yana kan cinyarta. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Dattijo, me na yi wa 'ya'yan nan?"

A ganina kowane ɓangare rabin wasiƙar nan ta Manzo Bulus, wato 1 Korintiyawa, yake karantawa. Sura 12 ta nuna sarai cewa ba dukan masu bi ne suke magana da harsuna ba, saboda haka matasan sun yi kuskure. Sura 14 kuwa ta ce kada a hana magana da harsuna, amma ta ƙayyade mutum biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, tare da mai fassara, sauran kuma su auna abin da masu annabci suka faɗa. Annabcin da ya mai da gwauruwa mayya, ai ko ba a kai shi ma'auni ba an san bai fito daga wurin Allah ba.

Tsorona shi ne mu maimaita abin da ya faru bayan yaƙin basasar Najeriya, a shekarun 1970, lokacin da farkawa ta ratsa makarantu ta hanyar ƙungiyoyin ɗalibai Kirista irin su FCS. Ikilisiyoyi da dama sun rasa yadda za su riƙe matasan wancan zamani, da yawansu kuma suka fita suka kafa nasu. Idan muka rufe addu'ar daren nan, yaranmu ba za su daina ba, sai dai su koma inda babu dattijon da zai tsawata musu.

Shawarar da zan kai wa majalisar dattawa a wata mai zuwa ita ce a bar taron ya ci gaba, amma dattawa biyu su riƙa kwana tare da su, duk saƙon da ya shafi wani mutum kuma a fara kai wa Fasto a asirce. Yarinyar nan a koya mata cikin ƙauna, sa'an nan ikilisiya ta nemi gafarar tsohuwar a gaban kowa, kamar yadda aka ɓata sunanta a gaban kowa. Na san waɗansu za su ce na yi sassauci, waɗansu kuma su ce ina danne Ruhu.

Ka taɓa gaya mini cewa kun sha fama da irin wannan a wurinku. Ina roƙonka ka rubuto mini yadda kuka ɓullo wa lamarin kafin ranar zaman, ka kuma sa tsohuwar nan cikin addu'arka. Ka gai da gida da kyau.

Naka cikin Ubangiji,
Amininka