Kafin jirgin ƙasa ya iso Maraɗi, a ba maginanmu takarda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni magini ne, shekarata 31 da cokali a hannu, kuma ina roƙon fili a jaridarku in faɗi abin da ke ci mini rai.

Tun watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aikin yana hannun kamfanin Mota-Engil. Duk majalisar da ka zauna, hirar 'yan kasuwa ita ce kayan da jirgi zai kawo. Ni kuwa tunanina yana kan tasha da rumbunan ajiya da masaukai da za su biyo baya, da wanda zai gina su. Mun ga irin haka lokacin Maraɗi Kwalliya, shirin gyara gari don bikin ranar Jamhuriya, a 2015: aiki ya samu, gari ya yi kyau, amma a wuraren da na yi aiki yaranmu kwaɓa siminti da ɗaukar bulo suka fi yi. Karanta zanen gini, ɗaurin ƙarfe, shimfiɗa karo (wato tayil), jan ruwa da wuta, sau da yawa sai an nemo ɗan Togo ko ɗan Benin. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, sun iya ne, kuma wasunsu abokaina ne. Zafin da nake ji shi ne namu ba a koya musu ba.

Damina ta 2024 ta tona mana asiri. Washegarin ruwan nan na ƙarshen Agusta an kira ni in duba wani gida da katangarsa ta kwanta. Ba gidan laka ba ne, na siminti ne, bai kai shekara uku ba. Na ɗauki bulo ɗaya na murza da yatsa, sai ya zube kamar garin kwaki. Harsashin kuwa bai kai gwiwata ba. Ubangidana, Allah ya jiƙansa, ya hore ni kada buhun siminti ɗaya ya wuce bulo 30 da 'yan kai, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako, kuma kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Yaron da ya yi ginin na san shi, ba macuci ba ne. Wata shida ya yi yana lebura, ya sayi cokali da igiya, mai gida ya ga arha ya ba shi. Matar gidan tana tsaye da goyo tana tambayata, "Baba, ragowar ɗakin zai tsaya?" Wallahi na kasa haɗa ido da ita.

Garin da ambaliyar 1945 ta tilasta wa barin kwarin Gulbi ya hau tudu bai kamata ya yi wasa da harsashi ba.

Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga cibiyoyin koyon sana'a, ga asusun FAFPA da aka kafa don horar da masu sana'a. Amma yawancin masu gina garin nan ba su bi ta aji ba, a bakin aiki suka koya, kamar ni. Mu ne ba mu da takarda, kuma babban kamfani takarda yake fara tambaya kafin ya dubi hannunka.

Roƙona ga hukumomin jiha da na birni shi ne a buɗe darasin yamma da Hausa, bayan la'asar in an tashi aiki, a koya wa magina awo da lissafin siminti da karanta zane. Sannan a jarraba mu a aikace: a ba mutum bulo da yashi ya tayar da kusurwa, in ta miƙe a ba shi shaida. Ɗaliban fasaha su ma a turo mana su hutu, su ji nauyin cokali.

Ina da yara huɗu a ƙarƙashina yanzu. Ranar da aka buɗe rajista, ni zan kai su da kaina, sunana kuma a sa shi na biyar.

Naku,
Wani magini daga unguwar Zariya, Maraɗi