Fatar da ba ta gama nuna ba

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya, ko da yake na san jiki ne kawai ya sauka, zuciya tana nan a rataye. Ya ƙarfin jikin, ya wurin ɗinkin? Allah ya raya mana 'yar bakwainin taki, ya nuna mana ranar da za ki fito da ita a kafaɗa.

Saƙon muryarki sau uku na saurare shi bayan na tashi daga aikin dare. Har na ɗauki waya zan kira, sai na ga in na kira kuka za ki yi, in taya ki, mu rabu ba mu ƙulla komai ba. Gara in rubuto, ki karanta a tsanake a kan kujerar nan da kike wuni a kai gefen kwalba.

In na ji ki daidai, abu uku ne ya tsaya miki a rai. Kwana tara ba a yi mata wanka ba. Kin sa hannu kina shafa mata baya, nas ta zo ta tsayar da ke. Sannan kin ga jan tabo a kumatunta inda aka ɗaye filasta. Har kika ce ko dai ba su damu da ita ba ne. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin bakwaini, to ki ji daga bakina: na farko da na biyu ba sakaci ba ne, aikin ke nan. Na ukun kuwa kina da bakin magana, zan zo kansa.

Jaririn da ya cika wata tara a ciki, fatarsa tana da wani ɓawo a can sama, siriri ƙwarai, hawa-hawa kamar 10 zuwa 20. Shi yake tsare ruwan jiki kada ya fita, ya tare ƙwayoyin cuta kada su shiga. Wanda aka haifa ƙasa da mako 30 hawa 2 ko 3 ne kacal gare shi, na mako 23 ko 24 kuwa kusan babu. Taki a mako 28 ta zo. Shi ya sa kika gan ta jajir tana sheƙi, kina hango jijiyoyi kamar zare a cikinta. Fatar ba lalacewa ta yi ba, nuna ce ba ta gama ba. Ko farin maiƙon nan da jarirai suke fitowa da shi a jiki, a watannin ƙarshe yake taruwa, ita kuwa ba ta tsaya jiransa ba.

Irin wannan fata kamar sabuwar tukunyar ƙasa take, ruwa yana tsattsafowa ya bi iska, kuma duk ɗigon da ya tashi da ɗumin jiki yake tafiya. Maigidanki ya gaya miki tana fitowa aka cusa ta a leda, ko goge ta ba a yi ba, aka ɗora mata hula, ranki ya ɓaci. Wallahi da ni ce a wurin, abin da zan yi ke nan. Gumin da kike gani a jikin kwalbar kuma da gangan ne: a makon farko mukan kai danshin ciki wajen kashi 80 cikin 100, sannan a riƙa ragewa a hankali. Muna so zafin jikinta ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Duk buɗe tagar kwalba da aka yi, danshi da ɗumi sun fice, sai na'ura ta sake tarawa. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, da zarar fata ta haɗu da iska sai ta hau nuna da sauri. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga ta fara zama fata sosai, har ta ɗan yi saɓa. Kada saɓar ta ba ki tsoro.

To ki ɗora wanka a kan wannan. A fito da ita daga ɗumi, a jiƙa ta, a jujjuya ta. Sanyi ya kama ta, numfashi ya rikice, ɗan ƙarfin da za ta yi ƙiba da shi ya tafi wajen ɗumama jiki. Sabulu kuma yana wanke wani ɗan tsami na halitta da fata take haɗawa don korar ƙwayoyin cuta. Ita ba ƙasa take birgima ba, dattin me za a wanke? An gwada an gani, bakwainin da ake yi wa wanka duk bayan kwana huɗu ƙwayoyin cuta ba sa ƙaruwa a fatarsa. A yanzu auduga da ruwan ɗumi zalla sun isa: wuya, hammata, matsematsi. Ranar wankanta na farko tana zuwa, in numfashi ya daidaita. A naɗe za a tsoma ta cikin ruwa da mayafinta, a buɗe hannu ɗaya a wanke a mayar, a buɗe ƙafa a wanke a mayar. Ki roƙa a bar ki ki yi da kanki.

Kin ce kina ganin nas-nas zaune suna kallon allon na'ura, awa uku ba wanda ya taɓa ta. Barcin nan shi ne abincin ƙwaƙwalwarta, shi ya sa muke tara hidimomin mu yi su a zama ɗaya. Bari in gaya miki yadda nawa yake kasancewa da ƙarfe uku na dare. In wanke hannu har gwiwar hannu, in murza tafukana su yi ɗumi. In ɗaga mayafin kwalba kaɗan, in yi mata magana ƙasa-ƙasa kafin in taɓa, don kada ta zabura. In auna zafi a hammata. In canza famfas, amma ba na ɗaga ƙafafu sama yadda ake yi wa babban jariri, juya ƙugu nake yi gefe. Famfas ɗin ma sai na auna shi a sikeli in san fitsarin da ta yi. In ɗiga dakashi ko nonon uwa a 'yar auduga in shafa cikin kumatu. 'Yar jan fitilar nan da aka ɗaura a ƙafa mai auna iskar jini, in kwance ta in mayar ɗaya ƙafar, don in ta daɗe wuri guda takan ci fata. Sai hanci. Na'urar hura iskar nan da muke kira sifaf tana ceton rai, amma ba ta da tausayin hanci. Tana danne ɗan naman da ke tsakanin ƙofofin biyu har ya yi fari, in aka yi sake ya ƙwaƙule. Don haka mukan yi musaya, yanzu 'yan bututu, anjima 'yar rufin hanci. In duba bayan kunne kada ya naɗe, in duba ƙeya, in juya ta ɗaya gefen, in gyara mata sheƙarta ta naɗaɗɗen tawul. Duka bai fi minti goma sha biyar ba, in rufe in bar ta.

Abu ɗaya ne ba ya jiran awa uku, wurin allurar ƙarin ruwa. Wannan duk awa ake leƙa shi. Jijiyarta kamar gashi take, in ta fashe ruwan ya bi ƙarƙashin fata, musamman mai sukari da yawa ko mai sinadarin kalsiyam, yakan ƙone wurin. Ke da kike zaune a gefenta kin fi kowa ido a kai. In kin ga kumburi, ko wurin ya yi fari ko ya yi duhu, kada ki ce bari nas ta gama rubutu. Tashi ki kira ta.

Batun shafa kuwa, na san ya yi miki ciwo, uwa guda a hana ta shafa 'yarta. Da ma nas ɗin ta tsaya ta yi miki bayani, don wani lokaci gajiya takan sa mu yanke magana, kuma ba daidai ba ne. Jijiyoyin jin taɓi na bakwaini a farke suke fiye da kima. Shafar da take daɗi gare mu, ita ji take kamar ana kankare mata fata. Ki lura: in abu ya yi mata yawa za ta ware 'yan yatsu, ta yi hamma ko shaƙuwa, ta banƙare, launinta ya sauya, sai ki ji na'ura ta fara kuka. Abin da take so shi ne abin da ta baro a cikinki, wato a tokare ta ta ko'ina. Ki ɗora tafi ɗaya a kanta, ɗaya ya tattaro ƙafafunta zuwa ciki, ki tsaya cak. Ba shafa, ba bubbugawa. Ki kalli allon, sau da yawa za ki ga bugun zuciya yana sauka yana daidaita. Ranar da za a tsaga mata dunduniya a ɗebi jini ma ki riƙe ta haka, a ɗiga mata nono a baki, zafin yakan ragu.

Yanzu filasta. Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa a cikinku ba. A shekarata ta farko, wani dare muna biyu kacal a kan jarirai da yawa, bututun abincin wani yaro ya goce. Ina sauri na kama bakin filasta na fizge yadda ake yi wa babba. Da na duba, ga fatar kumatunsa a manne a jikin filastar, wurin ya yi jajir yana tsattsafo da ruwa. Bai ma da ƙarfin kuka, fuska kawai ya yamutsa. Babbarmu ba ta yi mini faɗa ba, ta ce in tsaya in kalla. Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ta kwantar da ragowar filastar baya a kan kanta, tana danna fata da yatsa tana ja kaɗan-kaɗan, minti biyar a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba. Ta ce, a jikin bakwaini riƙon da gam yake yi wa saman fata ya fi riƙon da saman fata yake yi wa ƙasanta, duk wanda ya ja, fata ce za ta saki. Yaron ya warke, ni ce har yau hannuna yake sanyi in na kama filasta.

Saboda haka ki yi magana, amma ba da faɗa ba. Ki tambaya ko suna da filasta mai silikon, ko 'yar shimfiɗar nan mai laushi da ake fara mannawa kafin a ɗora filasta a kai. Ki ce a bar wurin tabon ya huta, a manna a ɗaya kumatun. In jan ne kawai, kwana kaɗan zai tafi. In yana ruwa, ko yana faɗaɗa, likita ya gani a ranar, don ƙofa ce ta buɗe.

Kuma fatar da ruwa yake fita ta cikinta, abu ma yana shiga. Aidin in ya yawaita yakan ratsa har jini ya taɓa ƙullin maƙogwaro mai tafiyar da girman jiki. Sifirit da kuloheksidin, magungunan da muke goge fata da su kafin allura, in suka kwarara suka kwanta ƙarƙashin bayan jariri, ƙuna suke yi kamar ta wuta, shi ya sa muke goge su da tsabtataccen ruwa da an gama aiki. Wannan darasi da tsada aka saye shi: a 1972 a Faransa hodar jarirai da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna heksakulorofin ya yi wa yawa ta kashe yara 36. To don Allah, duk wanda ya kawo miki hoda, turare ko man shafawa, ki karɓa ki gode ki ajiye a gida. Ba wai mai haramun ne ba. A ƙa'idojin da ta fitar a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya shafa wa bakwaini mai irin na furen rana ko na kwakwa. Amma an kuma ga cewa labta wa ƙanana sosai mai irin na basilin kullum yana ƙara musu kamuwa da cuta. Don haka wane mai, yaushe, da hannun wa, ki bar wa masu duba ta. Zoben hannunki ki cire, farce ki yanke.

Na ajiye mai daɗin a ƙarshe. Ƙirjinki. A 1978 wani likitan yara a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, kwalabe suka yi masa kaɗan, sai ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, kamar yadda dabbar nan kangaru take ɗauke da ɗanta. Abin da aka fara don rashi ya zama magani. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara ɗora su a ƙirji tun daga haihuwa, ba a jira sun daidaita ba, mutuwarsu ta ragu da kashi 25 cikin 100. Yanzu shawarar Hukumar ita ce a fara da wuri, a yi awa 8 zuwa 24 a rana. Taki mai gram 1,100 tana cikin wannan sahu. Sifaf ba ya hanawa in akwai nas da za ta riƙe wayoyin yayin ɗauko ta. Gobe da safe in likitoci sun zo zagaye ki tambaye su kai tsaye: yaushe zan fara? In sun ce ba yau ba, ki ce me ake jira, su faɗa miki. In an ɗora miki ita kuma kada ki yi ƙasa da awa guda, don ɗaukowa da mayarwar su ne wahalar. Ki shiga bayi tukuna, ki ajiye ruwan sha kusa, ki sa riga mai buɗewa ta gaba. Maigidan ma ƙirji gare shi, ya karɓe ki in kin gaji.

Nauyinta da ya ragu a makon farko kada ya hana ki barci, yawanci ruwa ne, kusan duk suna yi. Ki ci gaba da tatsar nono duk awa biyu zuwa uku, har da dare, ko cokali ɗaya ne ki kai musu. Ki turo mini hoton kumatun in gani, amma ki kashe hasken kyamarar. Ki rubuto mini nauyin ranar Juma'a. Ina gaida maigidan da su Mama, a shafa mini kan yayyenta. Ita kuwa a ɗora mata hannu kawai.

Taki har kullum,
Ƙawarki