Dawkins ya wuce gona da iri

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan Richard Dawkins, masanin halittu ɗan Ingila da ya shahara wajen musun samuwar Allah.

Iliminsa ba abin rainawa ba ne. Daga 1995 zuwa 2008 shi ne farfesan wayar da kan jama'a kan kimiyya a Jami'ar Oxford, kuma ya iya bayanin yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali, ra'ayin da masanin halittu Charles Darwin ya wallafa a 1859. Sai dai a littafinsa The God Delusion na 2006 ya bar fagensa, ya yanke hukunci kan abin da babu ma'aunin da ke auna shi.

A shari'ar Dover ta 2005 a Amurka, inda kotu ta hana cusa aƙidar cewa wani mai hikima ne ya tsara halittu cikin darasin kimiyya a makarantun gwamnati na yankin Dover, ɗaya daga manyan shaidun ɓangaren Darwin shi ne Kenneth Miller, ɗan ɗarikar Katolika. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne, kuma ya yarda da sauyawar halittu. Su ma masana ne. Me ya sa sunan Dawkins kaɗai ke yawo?

Mai karatunku, daga Zariya