Zuwa ga ɗana, a kan ƙishin da ka ce kana ji

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai godiya ga Allah.

Bayan gaisuwa, maganar da ka faɗa mini ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta maka wannan. Ka ce kwanakin nan in ka durƙusa yin addu'a bakinka ne kawai ke motsi, zuciyarka tana wani wuri. In ka buɗe Littafi Mai Tsarki sai ka karanta sura guda ka rufe, ba abin da ya shige ka. Har ka fara tambayar kanka ko Allah ya juya maka baya. Na gode da ka faɗa mini, ba ka bar abin yana cin ka a ciki ba. Tun da wuri bari in kwantar maka da hankali: wanda ya rabu da Allah da gaske ba ya kwana yana damuwa da nisan Allah. Abin da ke damunka ƙishi ne, ƙishi kuwa mai rai ke jin sa.

Ka buɗe Zabura 42 ka karanta a hankali, da murya in da hali. Ta 'ya'yan Kora ce, mawaƙan Haikali. Mai maganar mutum ne da ya saba shiga gaban taro zuwa ɗakin Allah ana sowa ana yabo, ga shi yanzu yana can nesa wajen Urdun da tsaunin Harmon, hawaye sun zama abincinsa dare da rana, mutane kuma suna yi masa ba'a suna tambayarsa ina Allahnsa yake. Ya kwatanta ransa da barewa mai marmarin ruwan rafi. Ya kai har ga tambayar Allah dalilin da ya sa ya manta da shi. Ka lura, ɗana, Ruhu Mai Tsarki bai share wannan tambaya daga cikin Littafi ba, ya bar mana ita domin mu san akwai wurinta a cikin addu'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka je gaban Ubangiji kada ka tsaya ƙawata magana, ka gaya masa cewa zuciyarka ta bushe, kana so ka so shi amma ba ka iyawa. Mahaifin yaron nan mai aljani, a Markus sura 9, haka ya yi: ya ce ya ba da gaskiya, ya kuma roƙi Yesu ya taimaki rashin bangaskiyarsa, duka a numfashi ɗaya. Yesu bai kore shi ba, ya warkar masa da ɗansa.

Abin da ya fi taɓa ni a zaburar shi ne yadda mutumin yake juyowa ya yi wa ransa magana, ya tambaye shi me ya sa ya karai, ya umarce shi ya sa zuciya ga Allah. Sau biyu ya yi haka a Zabura 42, ya sake yi a ƙarshen ta 43. Har ya gama bai ce mana ya koma Haikali ba, bai ce masu ba'a sun yi shiru ba. Halin da yake ciki bai canza ba tukuna. Ya dai ƙi yarda abin da yake ji ya zama shi ne mai yanke hukunci a kan halin Allah.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, domin nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Muna auna amincin Allah da yadda muka wayi gari. In zuciya ta yi daɗi, Allah yana kusa, in ta yi nauyi, ya tafi. Amma ka san inda aka rubuta cewa jinƙansa sababbi ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne? A Makoki sura 3 ne, littafin da aka rubuta bayan da sojojin Babila suka rushe Urushalima, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. An ƙone Haikali, an rusa garu, an kwashi mutane zuwa bauta, yara suna suma a tituna saboda yunwa. A cikin wannan toka ne mutumin ya ce akwai abu guda da yake tunawa wanda ke ba shi bege. Idonsa bai ga wani abin kirki ba a ranar, tunawa ya yi da wanda Allah yake. Bulus ya faɗa wa Timoti hakan a wasiƙarsa ta biyu, cewa ko mun yi rashin aminci shi yana nan da amincinsa, domin ba ya iya musun kansa.

Sai kuma wannan kalma ta "kowace safiya". Ka tuna manna, abincin da Allah ya riƙa saukar wa Isra'ilawa a jeji, a Fitowa sura 16. Kowa ya tara abin da zai ishe shi na yini ɗaya. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe sun tashi sun tarar ya yi tsutsa yana wari, sai a rana ta shida kaɗai aka yarda su tara na kwana biyu saboda Asabar. Shekara 40 suna haka, har suka ci amfanin ƙasar Kan'ana sannan manna ta daina sauka. Allah yana da ikon ba su na shekara guda a lokaci ɗaya, amma ya so su riƙa fitowa kullum suna duban hannunsa. Na san halinka tun kana ƙarami, kana son ka ga ƙarshen hanya kafin ka ɗaga ƙafa. Damuwarka a kan aiki, da aure, da abin da shekaru masu zuwa za su kawo, duk neman manna ta gobe ce tun yau. Ubangiji Yesu ya koya mana mu roƙi abincin yini, ya kuma ce wahalar kowace rana ta ishe ta. Ƙarfin da za ka buƙata gobe, gobe za a ba ka.

Kada kuma jinkiri ya ruɗe ka. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi da alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Yusufu yana da 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, a tsakani har mai shayarwar sarki ya manta da shi shekara biyu cur a kurkuku. Duk da haka Farawa sura 39 ta maimaita cewa Ubangiji yana tare da Yusufu, a gidan Fotifar da kuma cikin kurkukun. Saboda haka ina roƙonka ka yi hankali da masu wa'azin da ke cewa in kana da bangaskiya ta gaske ba za ka yi ciwo ba, ba za ka rasa ba, kome zai buɗe nan take. Wannan koyarwa ta karya zukatan bayin Allah da yawa, raina yana ɓaci ƙwarai in na ji ta. Bulus kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

To, me za ka yi yanzu? Da fari ka binciki kanka da gaskiya. In akwai zunubin da kake riƙe da shi, ko wani da ka ƙi gafarta wa, ka furta, Allah mai aminci ne mai adalci, zai gafarta. In ka duba ba ka ga kome ba, kada ka ƙirƙiro wa kanka laifi. Wani lokaci gajiya ce kawai. Annabi Iliya, bayan karawarsa da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, Allah kuwa bai fara da tsawata masa ba, ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya ba shi ci da sha har sau biyu, sannan ya yi masa magana. Kai ma ka riƙa barci da wuri, ka ci abinci kan lokaci.

Sannan ka ware lokaci ka riƙe shi, ko zuciya ta so ko ba ta so. Yesu da kansa yakan tashi da asuba tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Kafin hannunka ya kai ga waya, bari ya kai ga Littafi. Ba sai ka karanta da yawa ba. Zabura guda 150 ne, ka ɗauki ɗaya kowace safiya ka mai da ita addu'arka, ranar da ba ka da kalmomi sai ka ari na Dawuda. Ka sami ɗan littafi kuma ka riƙa rubuta abin da ka roƙa da ranar da ka ga amsa. Sama'ila ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer domin Isra'ila su tuna cewa har zuwa nan Ubangiji ya taimake su. Mutum mai saurin mantuwa ne, musamman a ranar ƙunci.

Kada ka janye daga sujada don kana jin kamar munafunci ne ka rera waƙa da busasshiyar zuciya. Ba munafunci ba ne, biyayya ce. Ka je ka zauna cikin 'yan'uwa, ka ci Jibin Ubangiji tare da su, ka nemi wani dattijo a ikilisiya mai tsoron Allah da riƙon asiri ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Ni ina nesa, ina so ka sami wanda zai riƙa ganin fuskarka yana tambayar lafiyar ranka.

Ni da babanka muna ambaton sunanka a gaban Ubangiji safe da yamma, kuma yanzu da na san abin da ke damunka na san abin da zan roƙa. Ka rubuto mini in ka karanta Zabura 42 da 43, ka gaya mini ayar da ta tsaya maka a rai. 'Yan'uwanka duka suna gaishe ka. Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka, ya ba ka salama.

Ni ce,
Mahaifiyarka