Ƙara sabar ba ya warware kowane cunkoso

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da ƙannena masu koyon haɗa manhajojin intanet. Da yawansu sun ɗauka da zarar an ɗora manhaja a gajimare, wato kwamfutocin haya da ake amfani da su ta intanet, shi ke nan, komai yawan jama'a za ta ɗauke su. Ni ma haka na ɗauka, sai da na ji a jikina.

Na taɓa haɗa wa wata makaranta manhajar rajistar ɗalibai. Na saita ta yadda idan mutane suka yi yawa, tsarin da kansa zai ƙaro sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Ranar da aka buɗe rajista kuwa ya yi aikinsa, daga sabar biyu ya kai shida. Amma maimakon sauƙi, sai shafin ya tsaya cak. Na kwana ina lalube kafin na gane inda gizo ke saƙa. Kowace sabar tana buɗe layin sadarwa 20 zuwa rumbun bayanai, shi kuma rumbun da na yi amfani da shi, PostgreSQL, idan ba a taɓa saitinsa ba, layi 100 kawai yake karɓa. Shida sau 20, 120 ke nan. Ashe duk sabar da aka ƙaro, ƙara shaƙe rumbun take yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyayen da suka yi ta cike fom yana ɓacewa. Maganin bai kai ya kawo ba: na sa wata manhaja mai suna PgBouncer a tsakanin sabar da rumbun tana tattara layukan, na kuma gyara wata tambaya da manhajar ke aika wa rumbun, wadda ke bin sa kaf a kowane dannawa.

Ba kushe gajimare nake yi ba. Tun da Amazon ya fito da EC2, tsarinsa na ba da hayar sabar, a 2006, yaro mai kwamfuta ɗaya yana iya hayar injin da a da sai babban kamfani. Sai dai injinan nan a cikin gine-gine suke, kuma gini yana iya kamawa da wuta. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin OVH, wani kamfanin ba da hayar sabar, a Strasbourg ta Faransa, waɗansu da ajiyarsu ta ko-ta-kwana ke wuri guda suka rasa bayanansu.

Roƙona ga ƙannena: kafin ku buɗe wa jama'a, ku tura wa manhajar cunkoson gwaji ku ga inda za ta fara karyewa. Ku sa wa ƙarin sabar iyaka, ku kunna gargaɗin kuɗi, domin kowace sabar da ta tashi ana lissafa muku ita. Ajiyar bayanai kuma ku kai ta wani yanki daban, ku gwada dawo da ita da hannunku tun ba a shiga matsala ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai haɗa manhajoji