Wasiƙa kan aikin niyutirino

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ka ce in gaya maka aikin da ya ɓoye ni haka, to ga shi.

Lissafi muke yi a kwamfuta, na abin da ke faruwa idan niyutirino (wani mitsitsin ɓurɓushi marar caji, kusan ba shi da nauyi) mai ƙaramin ƙarfi ya ci karo da cibiyar ƙwayar zarra. Ka san halinsa, ratsa duniya yake yi ya wuce, ba ruwansa da kowa. Tun 1974 masanin fiziks Daniel Freedman ya nuna cewa in ƙarfin niyutirino bai haura kamar MeV 50 ba (MeV ma'aunin ƙarfin irin waɗannan ɓurɓushi ne), ba ya tsintar 'ya'yan cibiyar, wato furoton da niyutoron, ɗaya-ɗaya, a dunƙule yake tura ta. A irin wannan karo, in yawan niyutoron ya ninka biyu, yiwuwar karon sai ta ninka kusan huɗu. Sai dai motsin da cibiyar ke yi bai taka kara ya karya ba, kamar ƙuda ya bugi bijimi. Shi ya sa sai a 2017 masu gwajin COHERENT a Oak Ridge ta Amurka suka ga wannan karo, da na'ura mai nauyin kilo 14.6 kacal.

A ganina niyutirino ba shi ne mai ba da wahala ba, cibiyar ce. An auna mazaunin furoton sosai da ilektoron, tunda yana da caji. Niyutoron ba shi da caji, kuma shi ne niyutirino ya fi ji. Ga wata kuma: wani lokaci karon kan girgiza cibiyar ta hau wani matakin ƙarfi, dole mu lissafa kowane mataki. Ɗauki sinadarin agon-40 da DUNE, wani babban gwajin niyutirino a Amurka, zai yi amfani da shi, furoton 18, niyutoron 22, duk suna jan juna. Tsarin lissafin da ke ɗaukarsu kamar iskar gas yana ɗan taɓukawa a babban ƙarfi, amma a ƙaramin ƙarfi ba ya kai labari. Wanda ke jera su rukuni-rukuni ya fi, sai dai cin kwamfuta gare shi, kuma sai an rage ƙarfin wata mu'amala tsakanin niyutirino da 'ya'yan cibiyar da kusan kwata kafin ya dace da awo. Wannan ragin, wallahi, ba ya kwanta mini.

Abin ba na wasa ba ne, don babban tauraro in ya fashe, kusan kashi 99 cikin 100 na ƙarfinsa a niyutirino yake fita. Da aka ga fashewar wani tauraro a 1987, niyutirino ashirin da wani abu kacal aka kama. Na gaba zai zo da dubbai, kuma da lissafinmu za a karanta su.

Ka gaishe da mutanen gida. Ina jiran amsa.

Naka amini.